Zuwa ga Mai Ɓerayen Maleshiya

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Shirunka ya yi yawa, har Hajiya tana tambaya ko Maleshiya ta haɗiye ka ne. Kwatsam sai ga saƙo, ko "ya gida" babu, sai tambayar ɓeraye. Allah ya shirye ka.

Ka ce malaminka yana so ku jona wa ɓeraye lantarki, ku auna ɓarnar da oksijin ke yi wa ƙwaƙwalwa bayan jijjiga. Tun 1938 Cerletti da Bini suka fara yi wa mutane maganin taɓin hankali da lantarki a birnin Rum, kuma zargin cewa yana yi wa ƙwaƙwalwa ɓarna bai mutu ba. Da dalili: ƙwaƙwalwa na zuƙar oksijin da yawa, ga kitse mai saurin lalacewa, ga sinadarin ƙarfe, katalas ɗinta kuwa, sinadarin da ke kare ta daga ɓarnar oksijin, cikin cokali. Da jijjiga ta kama, gulutamet, sinadarin da ke zaburar da jijiya, ya malala, kalsiyam ya cika ƙwayoyin jijiya, sai mitokondiriya, injin ƙarfin ƙwayar, ta shiga zubar da sufa'oksaid, wani nau'in oksijin mai ɓarna.

Bayan kwamitin kare dabbobi ya sa hannu, nemi mazan ɓeraye jinsin Wistar masu giram 250 zuwa 300. Jiƙa maƙalan kunne da ruwan gishiri, don busasshen kunne ba ya wuce wuta daidai. Wasu na ba da bolt 150 na daƙiƙa 2, amma lambar ba ita ce shaida ba: ɓeran da bai sanƙame ya miƙe ƙafafun baya ba, cire shi daga lissafi. Rukunin da za a kwatanta da su ma a maƙala musu, a riƙe su haka, wuta kawai za a hana, domin riƙon ma tashin hankali ne.

Abin da ke damuna shi ne teburinka. Sau da yawa tsatsar oksijin ɗin da ake aunawa ba lantarki ya yi ta ba, a hannun mai yanka ta samu. Ka fiɗe kan ƙanƙara, cikin gaggawa. Kada ka niƙe ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Ware hifokamfus, ɓawon sama, sitirayatom da ƙaramar ta ƙeya. A 2004 wasu masu bincike a Burazil ba su ga ɓarna a hifokamfus ba, amma sun gani a wasu sassan. Ka cakuɗa, ka binne bambancin. Wanke jini sosai, jajayen ƙwayoyi cike suke da katalas, za su kumbura maka sakamako. Wajen TBARS, gwajin lalacewar kitse, kada sukuros ya shiga ruwan niƙa, shi ma yana ba da launi. Yi da KCl kashi 1.15, zuba BHT, mai hana sabuwar tsatsa, kafin dafawa, digiri 95 na awa ɗaya, ka karanta launin a nanomita 532. Shi kaɗai kuma ba ya isa hujja, haɗa da kabonil na furotin, alamar lalacewar furotin, da SOD da GSH, masu kare ƙwaya daga tsatsa.

Af, mai rawanin ajinmu ya ƙara ta uku. An yi walima a Gwammaja, har yanzu yana cewa bashin littafinka ya biya tun tuni. Zafi kuwa sai addu'a, mangwaro ya cika Kasuwar Rimi.

Ina muke? Ajiya. Sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, a raba samfur ƙanana-ƙanana, wanda ya narke sau ɗaya kar ya koma firiza. Mu nan muna fakewa da ɗaukewar wuta, kai ba ka da wannan uzurin. Kuma kada ku yanka duka rana guda: wasu nan take, wasu bayan awa 48, wasu bayan mako, tunda sakamakon na sauyawa da lokaci. Jona sau ɗaya daban, jona sau da yawa daban.

Ƙanenka ya ce akwai mai tahowa wajenku bayan sallah. Kilishi ko yaji? Ka faɗa da wuri. A gaida uwargida, a shafa min kan auta.

Naka,
Abokin cin mushenka na Kano