Wasiƙa ga Ummi a kan magenta da ta kamu da ciwon suga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara da Hajiya. Mu nan Gumel lafiya lau, sai zafin bazara da ya fara kankama. Na saurari saƙon muryar da kika turo ta wayar ƙaninki, na ji yadda kuka yi da likitan dabbobi a Kano, cewa magenki ciwon suga gare ta, kuma ya ɗora ta a kan allurar insulin, maganin da ke sauke sukarin jini. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda maganar akwai lambobi a ciki, lamba kuwa ba ta zama a kunne. Ki ajiye takardar nan inda za ki iya ɗaukowa da dare ba tare da lalube ba.

Abin da likita ya faɗa bai ba ni mamaki ba. Tun da kika ce magen tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa, tana kwana a gindin randa, kuma kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari, duk wanda ya yi aikin malamin dabbobi ya san inda aka dosa. Jikinta ne ya kasa sarrafa sukarin da ke cikin jini, sai sukarin ya yi yawa ya malala cikin fitsari, ya ja ruwa ya fita da shi. Shi ya sa ƙishirwar ba ta ƙarewa. Takawar da kika ga tana yi da dugaduganta na baya, maimakon kan yatsu, sukarin ne ya taɓa jijiyoyin ƙafa, kuma sau da yawa yakan warware a hankali idan jini ya daidaita. Kada wannan ya hana ki barci.

Abin da nake so ya zauna miki a rai ɗaya ne. Sukari mai yawa a hankali yake cin jiki, cikin makonni da watanni. Sukarin da ya faɗi ƙasa saboda allura ta yi yawa kuwa, kafin ki gama tuƙa tuwon dare ya gama da ita. Saboda haka duk ranar da kika shiga shakka, ko a yi allura ko kar a yi, to kar a yi, ki kira likita. Na san halinki, kina son ki ga abu ya gyaru yau-yau. Kada garin neman gira a rasa ido.

Likita ya ce yunit 1 safe da yamma (yunit shi ne ma'aunin insulin a jikin sirinji), to yunit 1 ɗin. Ko kin ga tana ta shan ruwa kwana uku a jere, ba ke za ki ƙara ba. Jikin kyanwa yana ɗaukar kusan mako kafin a ga ainihin aikin adadin da aka sa mata, kuma shi ya sa likitoci ba sa canja shi kullum. Tsakanin allura da allura awa 12 ne. Mu Allah ya sauƙaƙe mana wannan lissafin, don a ƙasarmu fitowar rana da faɗuwarta ba sa nisa da haka duk shekara. Ki riƙa yin allurar safe da ƙarfe shida da rabi, kafin ki fita makaranta, ta yamma kuma da magariba. Idan an makara da awa ɗaya ba komai. Idan an manta gaba ɗaya, a bari sai lokaci na gaba, ba a ramuwa, ba a haɗa biyu.

Yanzu maganar sirinji, wadda ita ce ta fi tsaya mini. Insulin ba duka ƙarfinsa ɗaya ba. Akwai wanda aka rubuta U-100 a jikin kwalbarsa, irin Lantus ɗin da aka ba ki, akwai kuma U-40, wanda bai kai shi ƙarfi ba. Kowanne da sirinjinsa. Na U-100 yawanci murfinsa ruwan lemo ne, na U-40 ja. Idan sirinjinki ya ƙare kika aika yaro kemis, mai kemis zai ba shi wanda yake da shi, don a wajensa sirinjin suga sirinjin suga ne. To idan kika ja Lantus da sirinjin U-40, layi ɗaya da kike gani yunit 2 da rabi ne. Ga babban mutum mai kilo 70 wannan kuskure ne da za a iya gyarawa da kofin shayi, ga dabba mai kilo 4 kuwa yana iya zama ajali. Ki karanta rubutun da ke jikin ledar da idonki kowane lokaci, kada ki dogara da launin murfi kaɗai.

Yin allurar ba wuya. Ki sa mata abinci tukuna, ki tsaya ki ga ta ci da gaske. Tana cikin ci ko tana lasar baki, sai ki tsunkulo fatar gefen haƙarƙarinta da yatsu biyu, ki ɗaga, ki soka a gindin tudun da fatar ta yi, ki danna. Allurar siririya ce, galibi ko waiwayowa ba sa yi. Yau dama, gobe hagu, don kada wuri ɗaya ya yi tauri. Wata rana za ki shafa ki ji gashin a jiƙe, alamar allurar ta huda ta fita ta ɗaya gefen. Kada ki sake, don ba ki san nawa ya shiga ba. Idan kuma ta shinshina abincin ta juya, ko ta yi amai, ki mayar da sirinjin. Kyanwa mai suga da ta daina ci, ga amai ga kasala, tana iya shiga wani hali mai tsanani da ba a maganinsa a gida. Wannan ta mota ce zuwa wajen likita a ranar, ba a jira gobe.

Mutum ɗaya ne zai riƙa yin allurar, ke. Ranar da dole ta sa maigidan ya yi, a rubuta. Ki ware littafin makaranta guda, kowace allura a sa lokaci da hannu. Gidan da kowa ke da kirki shi ne gidan da ake yi wa dabba allura sau biyu, wannan ya yi don ya taimaka, wancan ma ya yi. Sirinjin da aka gama da shi kuma a jefa cikin gorar roba mai kauri a rufe, a ɗora can sama. Kin san 'ya'yanki da wasan likita.

Ki sa zuma a wuri ɗaya da kowa ya sani. Idan kika gan ta tana tangaɗi, ko jikinta na rawa, ko ta ƙura ido ba ta gane ki, ko ta kwanta ta ƙi motsi bayan allura, sukari ne ya faɗi. In tana iya ci, ki ba ta abinci nan take. In ba ta iyawa, ki lakato zuma da yatsa ki shafa mata a dasashi. Kada ki ɗura mata ruwa ko ruwan sukari a baki, zai bi ta hanyar numfashi. In tana jijjiga ki yi hattara da yatsanki, ki shafa ta gefen leɓe. Ko ta farfaɗo ta miƙe, allura ta gaba ba a yi sai an ji daga likita. Zumar nan ta wannan ranar ce kawai, ba abin lasawa ba ne.

Ajiyar maganin ita ce jarrabawarku, tunda wuta a ƙauyenku sai an ga dama. Insulin ba ya son zafi, ba ya son rana, kuma daskarewa na kashe shi. Kamfanin Lantus ya ce kwalbar da aka buɗe tana kai kwana 28 idan zafi bai wuce digiri 30 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40, ɗakin kwano ma ya fi haka. In za ki ba mai shagon da ke da firjin sola ajiya, ki tabbatar ba kusa da ƙanƙara zai sa ba. Ni dai na fi natsuwa da abin da ke ƙarƙashin idonki. Kin tuna tukunya cikin tukunya ta Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000? Babbar tukunya, ƙarama a ciki, yashi a tsakani, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin. Don tumatir da alayyafo ya yaɗa ta, amma za ta riƙe miki kwalbar ƙasa da zafin ɗaki sosai. Ki sa kwalbar cikin ƙaramin gwangwani mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta. Ki sani ba firji ba ce, kuma da damina ta sauka iska ta yi laima, sanyinta na raguwa. Lantus garau yake kamar ruwa. Ranar da kika ga ya yi hazo ko wani abu na yawo a ciki, ya tashi daga aiki.

Abinci kuma, a nan ne za ki yi fama da mutanen gida fiye da magen. Kyanwa ba a halicce ta don tuwo ba, maciyar nama ce. Ragowar shinkafa, burodi da shayi, fura da nonon da Hajiya ke zuba mata a murfin kwano, duk su ne ke tayar da sukarin. Kuna da kogin Haɗeja a bakin Ringim, ƙananan kifi ba sa wuya. Ki dafa, ki cire ƙaya, ki haɗa da kayan cikin kaza, da guntattakin nama daga wajen mahauci, da dafaffen ƙwai wani lokaci. Kada ya zama kifi kaɗai kullum, ɗanye ma ba na so, kuma hanta kaɗan-kaɗan, yawanta na da illa. Ba gishiri, ba magi. Ragowar miya kuwa a'a, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa. Na faɗi wannan ne don na san za a zo miki da shawarwari: a jiƙa tafarnuwa, a dafa shuwaka, a ɓare mata rabin ƙwayar suga ta wane. Ki yi godiya, ki bar shi a nan. Farasitamol kuma ko ɓari kada ya shiga bakinta, guba ce gare ta. Ɓeran da ta kamo a rumbu bai dame ni ba, abincinta ne na asali, sai dai ki roƙi maƙwabta su sanar da ke in sun sa maganin ɓera. Sauya abincin ki yi shi da sanin likita, don idan tuwo ya fita daga cikinta buƙatarta ta insulin na iya raguwa cikin 'yan kwanaki.

Wannan ya kawo ni kan abin da zai faranta miki. Kyanwa ba kamar kare ba ce a wannan ciwon. Wasu daga cikinsu, idan aka kama abin da wuri aka gyara abinci, bayan 'yan watanni sai su daina buƙatar allura. Ban yi miki alkawari ba. Amma ki lura, ranar da jikinta ya fara farfaɗowa, yunit ɗin da ke taimakonta jiya shi ne zai kayar da ita. Shi ya sa gwaji ke da amfani ko da ta yi kyau. Na'urar gwajin suga ta mutane tana aiki, ko da yake takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kyanwa. Ki murza gefen kunnenta ya yi ɗumi, ki tsikara, ɗigo ɗaya ya isa. Ki duba irin lissafin na'urarki: in tana nuna ɗaruruwa, 60 zuwa ƙasa haɗari ne, in kuma tana nuna ƙananan lambobi, wannan 60 ɗin shi ne 3.3. Ki sa likita ya rubuta miki lambar da in kika gani kafin allura za ki fasa. In tsinken gwajin ya yi tsada, ki auna ruwan da take sha da kofi ɗaya kullum, ki ɗora ta a sikelin mai shago mako-mako cikin jaka. Ruwa na raguwa, nauyi ya tsaya, kuna kan hanya.

Sai maganar bakin mutane. Za a yi miki dariya, kuma wasu ba dariya za su yi ba, haushi za su ji. Kada ki raina haushin nan. A ƙauyenku akwai masu ciwon nan da ke tsallake allura don kuɗi bai kai ba, kuma mutumin da ke cikin wannan hali yana da hakkin ya ji wani iri. Don haka ba abin tallatawa ba ne, ba abin ɗorawa a waya ba ne. In wani ya ce maganin mutane ake ɓatawa a kan dabba, kina iya gaya masa cikin raha cewa a jikin karnuka aka fara gwada shi a Toronto a 1921, kafin a yi wa mutum a 1922. Hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha kin san shi tun kina allo, ba sai na tuna miki ba, amma kada ki mayar da shi sandar dukan kowa. Kuɗin daga albashinki ne, duk da haka ki zauna da maigidan ku yi lissafin wata shida, kwalba da sirinji da kuɗin motar Kano. In lalura ta taso wa mutum a gidan, mutum ne gaba. In kuka ga ba zai ɗore ba, ki gaya wa likita gaskiya ya duba abin da zai yiwu, ya fi a yi mako biyu a bari, a dawo a sake farawa.

Ranar Alhamis direban da ke dawowa daga kasuwar Maigatari zai bi ta wajenku. Na ba shi tukwane biyu da na sa aka zaɓo, waɗanda ba a shafe su ba don su riƙa tsattsafo, da kwalbar zuma daga babarki. Yashin ki sa yara su ɗebo na rafi, a wanke shi. Ki gaishe da Hajiya da kyau, ki bi ta a hankali kan maganar furar, ki ce likita ne ya hana. Babarki na tambaya ko za ku zo da yaran hutun nan, in za ku zo ki fara tunanin wanda zai riƙe allurar tun yanzu.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.