Ga masu shirya taro a otal ɗin Transcorp Hilton

Malam Edita,

An buɗe wannan otal na unguwar Maitama da ke Abuja a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, tun kafin gwamnatin tarayya ta ƙaura Abuja a 1991. A nan aka yi taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a watan Mayun 2014.

Ina roƙon masu shirya taro a irin wannan wuri su gwada lasifika da na'urar tafinta tun ana gobe taro. Jinkiri daga ƙofa yake farawa, don motoci ɗaya bayan ɗaya ake bincike, saboda haka a sanar da baƙi su iso awa guda kafin buɗewa. Hutu kuma a sa shi daidai Azahar, in ba haka ba mutane za su fice sallah ana tsakiyar jawabi.

Naka,
Mai karatu daga Abuja