Wasiƙar Laburare Zuwa Ga Iyaye: Mi Ɗiyanmu Ke Karantawa?

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da yayye da kawunnai da duk mai riƙon yaro a wannan makaranta. Muna fatan kuna lahiya, ya zafi, ya haƙuri da mu. Wasiƙar wannan zangon ni anka ce in rubuta, ni ne malamin Hausa na manyan azuzuwa kuma makullin laburare yana hannuna, don haka maganar littafi ce za ta cinye takardar. Sanarwar ranar hutu da karɓar sakamako ofishin shugaban makaranta zai turo muku daban.

Watan da ya wuce wata uwa ta hawo kabu-kabu tun daga unguwar Mabera nan Sakkwato da rana tsaka ta same ni laburare, ranta a ɓace, da wani ɗan littafi a hannu an naɗe bangonsa da takardar kalanda, wai cikin littafin Bayoloji na ɗiyarta ta tsince shi. Ta ce, "Malam duba min abin ga don Allah, jarabawa na tahe ita ko ga abin da ta sa gaba." Na ce Hajiya ba ni kwana biyu in karanta tukuna. Na karanta shi tas. Labarin wata yarinya ne da ke son shiga makarantar koyon aikin jinya, dangin saurayinta kuma sun matsa a yi biki kafin azumi, soyayyar da ke ciki ba ta wuce gaisuwa a zaure ba. Da na kira yarinyar na tambaye ta mi ya ja ta ga littafin, ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin ta ce, "Malam ni so nike in gani ko an bar ta ta ƙare karatun." Da izinin uwar nake ba ku wannan labari, kuma ita da kanta ta ce min ashe akwai maganar da ke cikin ɗiyarta da ba ta taɓa tambayarta ba.

Wannan ya sa munka ware ranakun Alhamis bayan tashi, munka tara masu son karatu daga aji uku zuwa aji shida, kowa ya zo ya faɗi irin labarin da yake karantawa da abin da yake gani game da shi, ba maki ba bulala ba kai ƙara gida. Wallahi na ƙaru, don yaran nan ba haɗiye komai suke yi ba kamar yadda muke zato, suna da ra'ayi kuma wani lokacin ra'ayin ya fi namu kaifi.

'Yan mata da yawa littattafan soyayya da zamantakewa suke karantawa, ba su ɓoye ba, amma su ne kuma sunka fi kowa sukar su. Wata 'yar aji biyar ta ce ta gaji da labarin da namijin kullum ɗan mai kuɗi ne miskili ba ya dariya, ya mari yarinya a shafin farko sannan a ce wai daga baya son ta yake yi, ta ce ita ba ta ga so a mari ba. Ƙawarta ta ce ita abin da ke riƙe ta shi ne rikicin cikin gida, kishiya da uwar miji da 'yan uba, don tana ganin irinsa a unguwa kuma littafin ne kawai ke faɗinsa a fili. Sun yi gardama sosai a kan ko dole labari ya ƙare da aure, ba su daidaita ba har anka kira la'asar.

Maza kuwa yawanci na yaƙi da jarumtaka, sadauki da takobi da birnin aljanu da tsafi, wasu kuma na bincike inda ake farautar ɓarawo ko mai kisa. Wani yaro shiru-shiru da ba ya ɗaga hannu a aji ya tashi ya yi minti goma yana bayanin dalilin da ya sa jarumin da ba a taɓa kayar da shi ba ba ya burge shi, ya ce in ka san ba zai mutu ba ina amfanin faɗan. Masu son na ban tsoro ba su da yawa kuma mata sun fi maza a cikinsu, abin da ban zata ba. Na Turanci ma akwai masu karantawa, na makarantar matsafa da na duniyar da ta lalace matasa ke tawaye, sun ce daɗinsu shi ne jarumin sa'ansu ne ba babba ba, amma suna tsallake shafuka in an shiga al'adun da ba namu ba, kuma ƙamus na wahalar da su.

Na ce musu duk wannan ba yau anka fara ba. Gasar rubutu da anka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Baturen nan Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma Abubakar Imam an haife shi a 1911, kenan shekara 22 yake da ita lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, bai girmi 'yan aji shidanmu da wani abin kirki ba. Aljanu da yaƙi da wayo da yawon duniya duk suna cikin waɗannan littattafan da mu iyaye muke yabo. Da na ce musu akwai labarin tafiya sararin samaniya da Hausa tun 1969, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ba su yarda ba sai da na rantse. Soyayyar ma Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya tun 1980. Kuma iyayen da sunka yi sakandare wajajen shekarun 1980 na san ba ku manta da jerin littattafan hikaya na Turanci na Pacesetters ba, yadda ake bin layi littafi ɗaya ya zagaye ɗakin kwana har bangon ya cire.

Koken da ya fi taɓa ni kusan duk bakinsu ɗaya a kai: ba su ganin kansu a cikin labaran. Komai Kano ko Kaduna ko Abuja, gida mai bene da mota da jirgin Dubai. Wani ya ce, "Malam ba mu taɓa ganin wanda ya tashi Runjin Sambo ba, ko yaron da ke taya babansa noman albasa a fadama, ko wanda zafin watan Afrilu ya kora ya kwana tsakar gida." Wata ta ce ko Hausarmu in ta fito a littafi to an sa ta bakin mai ba da dariya ne, mi ya sa jaruma ba za ta ce "mi kac ce" ba a bar ta da mutuncinta. Sai wata ƙarama ta ɗauko maganar Nana Asma'u, ta ce tun firamare ake gaya musu ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajis suna zuwa ƙauyuka suna karantar da mata, 'Yan Taru kenan, to ina labarin wata yarinya mai shekara sha biyar da ta biyo jajinsu a ƙafa daga ƙauye zuwa Sakkwato, mi ta gani a hanya, wa ta bari a gida, tsoron mi ta ji? Ta ce ita da za ta samu irin wannan da ba ta kwana ba sai ta ƙare shi. Na ce mata ke za ki rubuta shi in sha Allahu, kuma ta fara, shafi huɗu ta kawo min cikin littafin rubutu mai bangon shuɗi. Na gaya wa 'yan matan akwai gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta gajerun labarai, in sun kai shekarun shiga ƙofa a buɗe take.

Yanzu ga inda hankalina bai kwanta ba, kuma ba zan ɓoye muku ba. Mafi yawan abin da suke karantawa yanzu ba na takarda ba ne, a waya ne, guruf-guruf na WhatsApp da Facebook da Wattpad da masu karantawa a YouTube, marubuci ya saki shafi yau ya saki gobe, wani sai an tura kuɗi kafin a sa ka a guruf, ba edita ba mai dubawa ba wanda ya tambayi shekarun mai karatu. Akwai masu kyau a ciki ƙwarai, amma akwai na batsa tsagwaronta, kuma yaran da kansu sunka faɗa min, sun ce sau da yawa labarin yana farawa lafiya lau sai an yi nisa ya juye. Littafin takarda kina iya gani ƙarƙashin filo ki buɗe, na waya kuwa da dare ake karanta shi a wayarki ke uwa bayan kin yi barci, da safe ki ga caji ya ƙare data ta ƙare yarinya na gyangyaɗi a aji. Ƙwace waya da duka mun gwada mun gani, wayar ƙawa ake komawa. Abin da nake roƙo shi ne ku tambaya, da sakin fuska, "wane labari kike karantawa, ba ni labarinsa," in yaro ya fara ba ku da zumuɗi ku saurara har ƙarshe, in kuma ya kama kame-kame to ku karɓa ku duba da kanku. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa a karanta masa shafi biyu a bayyane, abin da ba zai karantu gaban uwa ba kun san matsayinsa.

Laburarenmu kanta huɗu ne kuma biyu littattafan jarabawa ne, ƙurar hunturun bara ma ba ta gama fita daga na ƙasa ba. Duk mai tsofaffin littattafan hikaya a akwati ko saman sif, na Hausa ko na Turanci, ko bango ya cire, ya ba yaro ya kawo, za mu duba mu ɗinke mu rubuta sunan gidan da ya bayar a shafin farko. A lokacin hutu zan riƙa buɗewa Litinin da Alhamis daga ƙarfe tara zuwa sha biyu kafin rana ta yi zafi, yaro zai iya aron littafi ɗaya na mako guda in ya zo da takardar izini daga gida. Iyaye ma kuna iya zuwa ku ara, Hajiyar Mabera ta riga ku, ta dawo neman kashi na biyu.

Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya ba yaranmu sa'ar jarabawa.

Naku,
Malamin Hausa kuma mai kula da laburare