Godiya ga Baba mai garejin bakin hanyar Maigatari da yaransa

Assalamu alaikum. Baba na san ba ka riƙe babbar waya, to amma yaranka suna riƙewa, dan Allah wanda ya fara gani ya karanta maka. Ni ne mai farar Hayis ɗin nan da aka turo garejinku ranar Alhamis da yamma, mota cike da buhunan riɗi tana ta ƙauri kamar an ƙona tsumma. Na ce sai na rubuta a fili saboda 'yan uwana direbobi na layin Gujungu da Gumel su san abin da ya faru, tunda da yawansu sun gan ni a tsaye a bakin titi.

Abin da ya faru shi ne, kulocin motata ya cinye, na je Ƙofar Ruwa a Kano na sayo komai, fileti da dis da boris, har da mastan kuloci na haɗa saboda tsohon yana yoyo yana jiƙa min kafet. Na kai wa wani mai gyara a wajenmu, ba zan faɗi suna ba kuma ba zan faɗi gari ba, ya sauke giyabos ya ɗaura. Aikin ɗauri kam ya yi shi daidai, wannan kai ma Baba ka shaida. Matsalar daga baya ta ɓullo. Da safe in na taka feda sai na ji ta lugub kamar na taka katifa, sai na taka sau biyu sau uku kafin giya ta shiga, ribas kuwa sai ta yi ƙarrr duk tasha an juyo ana kallona. Na koma masa ya shiga ƙarƙashin sitiyari ya murɗa wani abu ya ce shi ke nan sabon kaya ne zai zauna. To giya ta ɗan fara shiga, amma fa sai wata sabuwa ta fito, in mota ta yi zafi ga lodi sai ka ba ta wuta inji yana ta kuka ita kuwa tana jan ƙafa. Haka na lallaɓa na ci kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ranar Alhamis kuma na ce bari na taɓa Maigatari, a dawowa ne ta ce ba ta san zance ba.

Gaskiya lokacin da muka shigo garejinku na riga na yanke cewa jabun fileti aka sayar min. Har na fara lissafin kuɗin sake sauke giyabos da na komawa Kano rigima da mai shago, kuma ni da bakina na ce maka Baba a sauke kawai. Wani da ya ji haka ai ya samu, aikin yini guda ne da kuɗinsa mai kauri. Kai kuwa ko kallon giyabos ɗin ba ka yi ba, ka buɗe ƙofar direba ka durƙusa ka danna feda da yatsu biyu, ka ɗago ka ce min "ɗana fedarka ba ta da wasa ko kaɗan, wa ya ɗaure ta haka?"

Nan ka zaunar da ni a benci ka yi min karatun da shekarata 11 ina tuƙi ba wanda ya taɓa yi min. Ashe kulocin mai ba kamar na waya ba ne da za ka yi ta ja kana ɗaurewa. Feda tana tura wata 'yar sanda, sandar ta tura fistin a cikin masta, mai ya bi ta bututu ya je silinda ta ƙasa da ke jikin giyabos, ita kuma ta tura cokalin da ke danna boris. In fileti yana cinyewa kulocin ne yake daidaita kansa ta hanyar man. Amma a cikin mastan akwai wata 'yar ƙofa ƙarama da mai yake komawa kofin ajiyar mai ta cikinta idan ka ɗaga ƙafa, to in aka ƙara wa sandar tsawo fiye da kima fistin ba ya dawowa ƙarshe, ƙofar ta toshe, mai ya yi zafi ya kumbura ba shi da wajen zuwa sai ya riƙa danna kuloci kamar mutum ya ɗora ƙafa a kai yana tafiya. Silif ɗin da nake ji ke nan, wato inji na kuka mota na jan ƙafa, da ƙaurin. Ita kuma taushin feda iska ce ta shiga layin tun ranar da aka canza masta ba a fitar da ita duka ba, iska tana matsuwa mai ba ya matsuwa. Wato cuta biyu ce, an bar ta farko an je an jawo ta biyu.

Abin da ya fi burge ni yadda ka bi aikin daki-daki. Yaronka ya ɗauko sifana zai fara fitar da iska ka ce a'a a fara da sanda, don muddin ƙofar nan a toshe take mai ba zai sauko daga kofi yadda ya kamata ba, sai a kwana ana bilidin, wato fitar da iskar, a banza. Ka kwance notin da ke kulle sandar, ka mayar da ita baya kaɗan kaɗan kana taɓa feda da hannu, har ta sami wasa wajen faɗin ɗan yatsa kafin ta fara nauyi. Ka ce Toyota a littafinsu milimita 5 zuwa 15 suka rubuta, har ka sa aka ɗauko guntun rula aka gwada a gabana, sannan ka ƙulle notin.

Sai fitar da iska. Ƙaramin yaron nan, wanda ba ya rabuwa da hular sanyi ko ana rana, ya shige ƙarƙashin mota da tiyon ƙarin ruwa irin na asibiti ya soka a kan nifil, wato ɗan bakin da ake buɗewa iska ta fita, ɗaya bakin a cikin robar ruwa da ɗan mai a gindinta. Ni aka ɗora a kujera. Taka, taka, taka, riƙe! Ya buɗe, feda ta nutse, ya rufe, sannan a ce saki. Sau ɗaya na yi gaggawa na saki kafin ya rufe, Baba ka ce "direba iskar da muka kora ka sake gayyato ta", kowa ya yi dariya aka sake daga farko. Da ido na ga kumfa tana bin tiyo, da farko manya manya da wani baƙin mai kamar shayin da ya kwana, har ya dawo garau ba ɗigon kumfa. Duk wannan lokacin babban yaron yana tsaye a kan kofi yana ƙara mai kar ya yi ƙasa ya sake jan iska. Kuma sabon gwangwanin man birki DOT 3 aka fasa a gabana, ba ragowar da ta kwana a buɗe ba, ka ce man birki yana shan danshi, ka kuma ja min kunne kar na kuskura na zuba man inji ko na sitiyari a ciki ko da a daji na maƙale, robobin ciki kumbura suke yi su lalace. Wannan na san direbobi da yawa muna yi, ni ma na taɓa, Allah ya yafe mana.

Da aka gama ka ja hambirki ka sa giya ta sama ka saki kuloci a hankali, mota ta mutu nan take, ka ce fileti da sauransa bai ƙone ba an ci sa'a. Ka sa ribas ta shige shiru. Kuɗin da ka karɓa na man birki ne da ɗan abin da ka ce a ba yara su sha shayi, na ƙara maka ka turo min hannuna ka ce in bari sai ranar da na kawo babban aiki. Ga magariba ta yi kuka ba mu buta da tabarma, masu riɗin da tun a hanya suke min mita har da su a cin ƙosan da aka sayo.

Yau sati uku ke nan, na je Dawanau da lodi sau biyu na dawo, feda tana nan yadda ka bar ta, kuma kullum da safe sai na danna ta da yatsa na ji wasan nan kafin na tayar. Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa yaran nan su gaji hannunka da halinka. Wanda ke bin hanyar, garejin yana hannun hagu in ka fita daga Gumel za ka Maigatari, akwai babbar darbejiya da tsohuwar bodin motar Kanta a gindinta.

Af, sifanarku mai lamba 12 na tsince ta a ƙarƙashin kujerata, kar a zargi yaro. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan tsaya na ajiye muku.

Naku,
Direban farar Hayis, layin Gujungu