Bayanin Kwamitin Gyaran Wutar Masallacinmu na Aboabo da Maganar Tsani

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, da duk wanda ya jefa ko sidi ɗaya (kuɗin Gana) a asusun gyaran wutar masallaci, ga bayanin da kuka nema. Maganganun da ake yi a kan benci bayan sallar Isha'i sun iso mana, har da ta wanda ya ce tsanin zinariya muka sayo. Dukiyarku ce, kuna da ikon tambaya.

Sidi 46,300 ne suka shigo hannunmu. Wayoyi, makunnai, fitilu, fanka takwas da sabon akwatin rarraba wuta sun ci 21,900. Kuɗin aikin mai gyaran wuta da yaransa biyu 9,000. Mun ɗauki mai lasisin Hukumar Makamashi ta Gana kamar yadda dokar haɗa wayoyi ta 2011 ta tanada, kuma ba wanda ya ja da mu a kan wannan.

A wajen hawa sama ne ake ta ce-ce-ku-ce. Da farko mun yi yadda aka saba, muka sa kafinta ya ɗaura gora da katakon itacen da ake kira wawa a jikin hasumiya don a kai ga lasifika da fitilun sama. Kwana biyu ana ruwa a kansu. Da mai gyaran wuta ya zo ya girgiza su, sai ya ce: "Alhaji, ku yi haƙuri, ni ba zan hau wannan ba, ba kuma zan tura ɗan wani ba." Ya nuna mana cewa babu abin da zai tare mutum in ƙafarsa ta zame, sannan goran sama ya kusa shafar wayoyin ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki, da suka bi ta lungun baya, ga shi wutar lantarki tana bi ta cikin jiƙaƙƙen itace. Sidi 2,600 sun tafi a nan. Kuskurenmu ne da ba mu tambaye shi ba kafin a ɗaura, mun amsa, muna neman afuwarku.

Daga nan muka yi hayar sikafol na ƙarfe mai shinge da dandamalin tsayuwa, kwana tara a kan 4,200. Wani dattijo ya tambaya, shi wannan ba ƙarfe ba ne? Ƙarfe ne, shi ya sa aka kafa shi ta cikin harabar masallaci, nesa da wayoyin lungu, aka kashe wuta daga mita, aka cire janareto, aka gwada kowace waya da testa kafin a taɓa ta. Aikin hasumiya na yini guda ne da hannu biyu, ba a yin sa a tsaye kan matakin tsani.

Sai tsanin faiba, wato wanda aka yi da zaren gilashi da roba, na sidi 6,800. Gaskiya ne a shagunan Adum da ke tsakiyar Kumasi mun ga na alminiyam a kusan rabin wannan kuɗi. Gaskiya ne kuma ɗan'uwanmu mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe, ya ce zai haɗa mana na ƙarfe kyauta, Allah ya ba shi ladan niyyarsa. Amma alminiyam da ƙarfe duk hanya ce ga wuta. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta isa ta tsayar da zuciyar mutum, in ma ba ta kashe shi ba ta wurgo shi ƙasa. Faiba kuwa, muddin a bushe take kuma babu datti, wuta ba ta bi ta cikinta. Kuma wa zai riƙa hawa tsanin nan bayan mun sallami masu aiki? 'Ya'yanmu ne, in fitila ta mutu ko fanka ta tsaya. Yaro zai ga an ɗauke wuta ya ce bari in gyara da sauri, yana sama a dawo da ita. Mun zauna mu bakwai, babu wanda ya yarda ya je gidan wata uwa da irin wannan labari saboda sidi dubu uku.

Tsanin yanzu mallakar masallaci ne, yana ɗakin ajiya don rana da ruwa suna lalata shi, makulli na hannun ladan. Mai ara ya zo da wanda zai riƙe masa, ya ja gindin tsanin mita ɗaya daga bango a kan kowane mita huɗu na tsawo. Ragowar kuɗi 1,800 ne, rasit duka suna wajen ma'aji.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya hana a faɗi sunansa, wanda ya biya hayar sikafol ranar da muka rasa ta yi, Allah ya gina masa gida a Aljanna. Haka iyayenmu mata masu sayar da wake da shinkafa da suka yi ta ciyar da ma'aikata, da 'yan'uwanmu na Jamus da Amurka da ba su manta da zango ba. Allah ya ƙara buɗi.

Aiki bai ƙare ba. Sashen mata har yanzu tsofaffin wayoyi ne, fanka biyu kacal ke juyawa, hasumiya kuma ba ta da ƙarfen kama tsawa. Muna so a gama kafin azumi. Ma'aji zai zauna a ƙofar gabas bayan sallar Juma'a da littafin rasit, mai son turawa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya karɓi lamba a hannunsa.