Takardar Koke Kan Sana'ar Su a Kogin Kaduna da Buƙatar Binciken Injiniyoyi

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
Shugaban Majalisar Sarakunan Jihar Kaduna,
Fadar Zazzau, Zariya.

Ta hannun iyayenmu hakimai na cikin Kaduna da kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwar ban girma da addu'ar Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya da nisan kwana, mu ne sarakunan ruwa da masunta da mata masu banda da masu kiwon kifi waɗanda ke cin abinci a gaɓar Kogin Kaduna, tun daga Rafin Guza da Malali da Unguwar Rimi da Kabala har zuwa Nasarawa da Kudenda, tare da 'yan'uwanmu na madatsar ruwa ta Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi. Mun zo da koke guda ɗaya, ko da yake yana da rassa: muna roƙon Mai Martaba ya sa baki a kawo wa wannan kogi irin binciken injiniyoyi da masana kifi da aka daɗe ana yi wa gaɓar teku da tafkin Kainji, kuma a riƙa dawo mana da sakamakonsa cikin harshen da muke ji.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya girma a bakin wannan kogi ya san kifin ya ja baya. Giwan ruwa da yauni da ramboshi, waɗanda iyayenmu ke kamawa su kai kasuwa da alfahari, yanzu sai a jima masunci bai sa su a ido ba, kuma abin da ya rage na ƙarfasa da ƙurungu da ƙawara ya ƙanƙance ƙwarai, har mutum ya wuni yana jefa birgi ya tashi da abin da bai cika ƙwarya ba. Idan muka zauna muna tattauna dalili, kowa da abin da yake ɗora wa laifi. Wasu sun ce magudanan da ke kwararo dauɗar gari da ta masana'antu ne, wasu sun ce haƙar yashi ce ta lalata wuraren da kifi ke zuba ƙwai, wasu kuma suna nuni da madatsun Shiroro da Zungeru da ke ƙasa da mu a Jihar Neja, domin tun da aka kammala Shiroro a 1990 kifin da ke haurowa daga Kogin Kwara da damina ya rasa hanya. Akwai kuma laifin da ke cikin gida, na masu raga mai ƙananan idanu da masu zuba guba a ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da kamshin gaskiya, amma musu a bakin kogi ba ya nuna wanne ya fi yin ɓarna, kuma ba za a iya tsara gyara ba sai da awo. Ɗalibai da malamai sun sha zuwa su ɗebi ruwa a kwalabe, su auna kifinmu, su yi mana tambayoyi mu amsa da zuciya ɗaya, amma daga sun tafi ba ma sake jin abin da suka gano.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwar rubuta wannan takarda shi ne mun ga yadda bincike ya yi aiki a wasu wurare na ƙasar nan. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma tun 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Teku da Albarkatunsa a Legas domin ta riƙa nazarin ruwan da kifin da kayan kamun. Dokar kamun kifi a teku ta hana manyan jiragen da ke jan raga shiga cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato kilomita tara da ɗoriya, saboda nan ne ƙananan kifaye ke girma kuma nan ne masu kwale-kwale ke neman abinci. Da aka ga ragar masu kamun jatan lande tana hallaka kunkurun teku, injiniyoyi suka ƙera wata taga ta ƙarfe da ake ɗinkawa a wuyan ragar, jatan lande ya wuce ta tsakanin sandunanta ya faɗa jaka, kunkuru kuwa ya bugi sandunan ya fita ta wata ƙofa da aka bar masa. Masunci ya ci gaba da sana'arsa, halittar ruwa kuma ta tsira, domin kayan aikin aka gyara. Irin wannan tunani muke nema a yi wa kalli da birgi da gura da mamarin da muke amfani da su. Kuma ruwan nan namu ba a ware yake da na teku ba, tun da Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa ya ratsa garinmu ya faɗa Kwara, daga nan ya gangara har gaɓar teku ɗauke da duk abin da aka zuba masa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Kainji. An kammala madatsar a 1968, kuma a shekarar ne aka fara aikin binciken tafkin wanda daga baya ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa. Daga 1993 aka gudanar da wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus, inda aka riƙa ƙirga masunta da jiragensu da ragoginsu, ana kuma auna abin da suke saukewa a bakin ruwa. Wannan ƙirga ce ta nuna cewa dala, ragar da ake ja daga gaɓa domin kama ɗan ƙaramin kifin nan da ake kira warangi, tana kwaso 'ya'yan manyan kifaye masu yawa tun ba su kai ko'ina ba, har aka kai ga hana amfani da ita. Abin lura a nan shi ne masu binciken ba su iya tabbatar da hanin su kaɗai ba, sai da sarakunan yankin da sarakunan ruwa suka shiga gaba. Wannan ne ya sa muka fara da ƙofar fada kafin kowace ƙofa.

Doka dai akwai ta. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, in ban da wadda aka keɓe wa warangi. Sai dai yawancin matasan da ke shiga ruwa a yau ba su taɓa jin labarinta ba, kuma ragar da ake samu da araha a kasuwa ita ce wadda dokar ta hana. A al'adarmu ma hutar da ruwa ba sabon abu ba ne, domin kogin Matan Fada a Argungu ana kulle shi ne tsawon shekara a ƙarƙashin ikon Sarkin Ruwa sai ranar bikin kamun kifi. Muna roƙon a sa masana su bi kogin gaɓa-gaɓa tare da dattawanmu, waɗanda suka san kowane gurbi da kowace fadama da kifi ke shiga idan ruwa ya cika, a tantance watannin zuba ƙwai da wuraren da ya kamata a keɓe, sannan a gwada girman idon raga a gabanmu a ga abin da kowanne ke kamawa. Idan hani ya fito daga irin wannan gwaji, kuma ya fito ta bakin hakimi da sarkin ruwa, masunci zai karɓe shi ko da zai taɓa aljihunsa na ɗan lokaci.

Allah ya taimaki Sarki, babban reshen kokenmu ya shafi banda, kuma matanmu ne suka nace a tsaya a kansa. Kifi ba ya jira. Idan an fito da shi da safe a zafin bazara, kafin la'asar ya fara sauya wari, saboda haka abin da ba a sayar ɗanye ba dole a banda shi. Har yanzu da rabin ganga da waya da itace ake wannan aiki, mace ta zauna a kan hayaƙi tun hantsi har dare tana juya kifi ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa da goyo a bayanta. Idanu suna lalacewa, ƙirji yana cushewa, itace yana cinye ribar, wani kifin ya ƙone wani kuma bai bushe ba, sai ƙwari su shige shi a kwando. Daga nan ne wasu ke faɗawa cikin mugun halin yayyafa maganin ƙwari a kan kifin da mutane za su ci. Masana sun kuma tabbatar cewa idan man kifi yana ɗiga a kan wuta, hayaƙin da ke tashi yana barin wasu sinadarai a jikin kifin waɗanda ke iya jawo ciwon daji, kuma saboda su ne ƙasashen Turai suke tsaurara bincike a kan bandar da ake kai musu.

Wannan matsala an riga an yi mata aiki a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A 1969 aka ƙirƙiro murhun Chorkor a wata unguwar masunta da ke Accra ta ƙasar Gana, da haɗin gwiwar matan unguwar da cibiyar binciken abinci ta ƙasar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Da laka ake gina shi, a jera faifan katako masu ragar waya a bisa juna, sai zafi da hayaƙi su riƙa ratsa su maimakon su watse a iska, don haka itace kaɗan ke banda kifi mai yawa. Daga baya, a 2008, aka fito da wani ingantacce a Thiaroye ta ƙasar Senegal, wanda ke da faranti mai tare man kifi kada ya taɓa wuta, yana gasa kifin da garwashi, hayaƙin kuma daga wani akwati na gefe yake shigowa bayan an tace shi. A nan gida ma cibiyar Legas da ta New Bussa da Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ilorin kowace ta ƙera nata murhun na ƙarfe. Abin da ya hana su zuwa hannun matanmu shi ne tsada da nisa. Muna da maƙera da masu walda a Panteka waɗanda ba abin da za a nuna musu su kasa kwaikwaya, muna kuma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da sashen injiniyancin aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello. Roƙonmu shi ne a haɗa waɗannan su zauna da masu bandar, su fitar da murhun da ya dace da tarwaɗa da ƙarfasarmu, da kayan da ake samu a kasuwarmu, a farashin da mata biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi su saya. A kafa na gwaji a mashigai biyu ko uku tukuna, matan su yi aiki da shi damina da rani su faɗi aibinsa kafin a yawaita shi.

Game da lafiyar ruwan kansa, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando tun 1979, tafiyar mintuna kaɗan daga kogin. Muna roƙon a nemi ta sa wuraren awo na dindindin a sama da gari da tsakiyarsa da ƙasansa, musamman a bakin manyan magudanai, a riƙa auna iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa da yawan dauɗa da gubar ƙarafa, a kuma riƙa sanar da sarakunan ruwa duk wata. Idan aka wayi gari kifi ya taso matacce, kamar yadda yakan faru a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya ja baya ko a ruwan farko da ke wanko magudanai, a samu wanda za a kira ya zo ya ɗebi ruwan a ranar, tun shaida ba ta wuce ba.

Masu kiwon tarwaɗa a kududdufai da tankuna su ma suna da nasu kukan, na tsadar abincin kifi da rashin ingantaccen iri, kuma suna neman a taimaka da ƙaramar na'urar yin abinci mai yawo a saman ruwa daga waken soya da masarar da jiharmu ke nomawa. Haka nan ɗakin ƙanƙara mai aiki da hasken rana a babban mashigi ɗaya zai rage asarar ɗanyen kifi ƙwarai.

Ranka ya daɗe, mun san fada ba ta da ɗakin gwaje-gwaje kuma ba ita ke rabon kasafi ba. Abin da fada take da shi, wanda mu ba mu da shi, shi ne kira a amsa. Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya gayyaci shugabannin waɗannan cibiyoyi da ma'aikatar gona ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Chikun da Igabi zuwa zama ɗaya da wakilanmu, har da mata da masu haƙar yashi, domin su ma a kogin suke ci kuma ba za a gyara shi a bayan idonsu ba. Muna kuma roƙon a umarci hakimai da dagatai cewa duk mai binciken da ya nemi izinin aiki a bakin ruwa, a sa masa sharaɗin dawowa ya karanta wa jama'a abin da ya gano da Hausa, ya bar kwafi a hannun sarkin ruwa. Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a 2023, hankali ya ƙara karkata ga tashoshin jiragen ruwa da gaɓar teku, kuma muna fatan muryar Mai Martaba za ta tunatar da ita cewa masuntan koguna da madatsun Arewa suna cikin lissafin.

A namu ɓangaren, mun yi alkawarin bayar da jirage da matuƙa kyauta ga masu awo, da keɓe matasa masu karatu a kowane mashigi su riƙa rubuta nau'i da nauyin kifin da aka sauke kullum, da miƙa duk wanda aka kama yana zuba guba ga hakimi ba tare da rufa masa asiri ba. Muna roƙon a yi zaman farko kafin faɗuwar damina mai zuwa, domin a samu damar bin kifin tun daga farkon cikar ruwa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya. Amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
sarakunan ruwa, masunta, mata masu banda da masu kiwon kifi na gaɓar Kogin Kaduna da madatsar Kangimi.