Bautar Rumawa Ta Wuce Tatsuniyar Alloli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma shirinku na tarihin duniya ba ya wuce ni. Sai dai kashin da kuka yi kan allolin Rumawan dā ya bar ni da ƙorafi. Mai gabatarwa ya jero Jupita da Juno da Mas da Binus, ya ce duk aro ne daga Girkawa, shi ke nan ya rufe. Washegari ɗalibaina suka shigo aji suna cewa ashe Rumawa ba su da addini sai tatsuniya. Wallahi abin ya dame ni.

Labaran alloli kam sun aro da yawa daga Girka, amma bautar tasu ce, kuma ba su ɗauke ta da wasa ba. Idan mai jagorantar yanka ya yi tuntuɓen harshe a tsakiyar addu'a, sai a koma farko.

Ku dubi wutar Besta, allahiyar murhu, a tsakiyar birnin Rum. 'Yan mata shida ke tsaronta dare da rana. Ana zaɓo yarinya tana tsakanin shekara 6 zuwa 10, ta yi shekara 30 ba aure. Idan wutar ta mutu a hannunta, babban malamin addinin ne zai yi mata bulala. Idan aka same ta da namiji, da ranta za a binne ta. Sun yi imani cewa muddin wutar tana ci, birnin yana nan.

Yaƙi ma ba a fita sai an watsa wa kajin duba tsaba; idan sun ci, alamar alheri ce. A shekara ta 249 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kajin suka ƙi ci kafin gwabzawar teku a Direfana, a gaɓar tsibirin Sisili. Marubutan Rum sun ce kwamanda Kalaudiyus Fulka ya sa aka jefa su ruwa, ya ce tunda ba za su ci ba, to su sha. Kartajawa, mutanen birnin Kartaj na Arewacin Afirka da suke yaƙi da su, suka ragargaza jiragensa, a gida kuma aka gurfanar da shi.

Wannan ne zai sa mai sauraro ya gane dalilin takura wa Kiristocin farko. A shekara ta 250 Miladiyya, Sarki Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida, kuma an tono irin takardun a Masar. Wanda ya ƙi, hukuma na kallonsa a matsayin mai jawo wa ƙasa fushin alloli.

Ina roƙon ku sake kashin, ku ba shi lokacinsa. Ku fara da kalandar da ke rataye a bangon kowa: Janairu daga Janus mai fuska biyu, Maris daga Mas na yaƙi, Yuni daga Juno. Ɗalibaina za su kasa kunne.

Naku mai sauraro,
Malamin tarihi, daga Zariya